Gashin Wutsiyar Jan Bijimi

A shekarar bushiya, wato annobar shanu, aka karya mini hannun dama a bakin tiken Mubi, inda ake cinikin shanu. A kan kututturen da nake aiki aka ɗora hannun, kuma da gudumata aka buga. Dalilin shi ne gashin wutsiyar shanu da aka samu a rumfata.

Ni ɗan maƙera ne daga kan dutse, ta wajen Michika. A can mu ke ƙera fartanya, mu ke zuba tagulla, mu ke ɗaukar gawa. Ba a auren 'ya'yanmu, ba a cin abinci kwano ɗaya da mu. In ka sha ruwa a gidan wani, da ka juya baya za a wanke ƙwaryar. Na gaji da wannan, na sauko Mubi ina saurayi, a farkon zamanin jihar Gongola. Ban yi makaranta ba, ko ta allo ko ta boko. Hannu da ido kawai na sauko da su.

Na kafa rumfa kusa da tike. Ina facin bokiti, ina yi wa matan Fulani awarwaro, ina yi wa awarwaron ɗigo da layi a jiki. Wata rana babu aiki, na ɗauki murfin tukunya ina karta da ƙusa, ina kallon wata saniya da aka ɗaure a gabana. Washegari wani makiyayi ya ga murfin, ya ɗauka ya juya shi, ya faɗi sunan mai saniyar. Bai yi kuskure ba. Daga nan aikin ya fara.

Babu wanda ya koya mini. Na karya tsohon magagari, na wasa bakinsa a dutse, na gasa, na tsoma a ruwa, na sa masa ƙota ƙarama wadda za ta zauna a tafin hannu. Shi nake kira alƙalami. Na siririn layi kuma da wayar ƙafar keke na yi shi. Farantin tagulla nake saya, in daddale shi, in goge da toka da lemon tsami, in manna shi a kan katako da kakin zuma don kada ya motsa. Alƙalami ba ya yawo, faranti ake juyawa. Tafin hannu ke turawa, babban yatsa da biyu na kusa da shi su ke riƙe baki. In hannu ya zame sau ɗaya, an gama, ƙarfe ba ya gogewa. In na ƙare sai in kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa in shafe farantin, in goge sama. Baƙin ya zauna cikin layukan, dabba ta fito.

Bafulatani ba saniya yake so ba, saniyarsa yake so. In ƙahon hagu ya fi na dama karkata, dole ya gani. In akwai tsaga a kunne ko tabon ƙaya a cinya, dole ya gani. Don haka ba na zana dabba da ka. Sai na zauna na kalle ta har na ƙoshi. Daga tozo nake farawa, da ido nake rufewa.

Na san dokokinsu kuma na kiyaye. Ba na yabon saniya a gaban mai ita, ba na ƙirga garke, ba na nuna dabba da yatsa. Abu ɗaya ne ban ɗauka komai ba.

In kana yankan tagulla, ɓarɓashi yana tashi, siriri mai kaifi. In ka share da yatsa ya soke ka, in ka hura ya faɗa ido, in ka sa tsumma ya karce aikin. Ubana da gashin wutsiya yake share garin tagulla, ni ma haka na tashi. Da na je mahauta da an ba ni wutsiya guda. Amma na saba roƙon ɗan gashi daga jikin dabbar da zan zana, kamar kaurin yatsa. Ina ɗaure shi da zare ya zama 'yar tsintsiya. In ina aiki yana hannuna, ina ganin launin, ina jin kaushinsa, sai dabbar ta tsaya mini a ido. Masu shanu wasu su yi dariya su ce yanka, wasu su kau da kai kamar ba su gani ba. In aiki ya ƙare ba na yarwa. Ina jefawa cikin wani gwangwani a ƙarƙashin benci. Maƙeri ba ya yar da abu, shi ke nan dalilin.

Akwai wani dattijo, makiyayi daga wajen Kolere, dogo, haƙoransa sun rine da goro. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya a rumfata ya kushe aikina. Kila yake ce mini, wato maƙeri da Fulatanci. Ni kuma ina ce masa Baffa. Yana da wani jan bijimi da kowa a tike yake labarinsa amma kaɗan ne suka gan shi, don ba ya kawo shi kasuwa.

Wata rana ya ce, "Kila, waɗannan jakunan da kake zanawa, ba ka gajiya? Zo ka ga sa."

Damina ce, mota ba ta shiga Kolere. Da ƙafa muka tafi, laka har gwiwa, yana gaba ina baya da kayan aikina a ka. Da muka isa ruga aka kawo nono a ƙwarya ɗaya. Na tsaya ina jira a kawo tawa. Ya sha, ya goge baki, ya miƙo mini.

Na ce, "Baffa, ka san ko ni waye?"

Ya ce, "Na sani. Sha ka ba ni, yunwa nake ji."

Na sha, na mayar masa, ya ƙara sha. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini haka ba.

Bijimin ya kai yadda ake faɗa. Ja ne mai duhu kamar jan ƙasa bayan ruwa, ƙahonsa fari mai baƙin baki, fatar wuyansa tana reto har kusan gwiwa. Na kwana biyu ina binsa da ido ban taɓa faranti ba. Dattijon ya gaji.

"Kila, kallo ka zo yi ko aiki? Tun safe kana tsugune kamar angulu."

"Bijiminka ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Halin mai shi ya ɗauko."

"In ka yi masa ƙahon akuya, da sandan nan zan sallame ka."

"In na yi shi daidai fa?"

"Sai in bar ka ka gaishe shi kullum da safe. Ya fi ka dangi."

Ranar da zan koma gari na roƙi gashin. 'Ya'yansa maza, manya masu iyali, sun kora shanu zuwa mayo, wato rafi, bijimin kaɗai aka bari saboda ni. Dattijon ya daina dariya. Ya dubi hagu da dama.

Ya ce, "Wannan ba a ba bare. Ko ɗan'uwa ba a ba."

Na ce, "To bari. Zan yi da wani."

Sai ya zaro wuƙarsa, ya dafa bijimin yana yi masa magana a hankali, ya kama wutsiya ya yanke da hannunsa. Ya danƙa mini a tafi, ya rufe yatsuna a kai.

"Kada yarana su ji."

Na ce ba za su ji ba.

Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma ban sake ba. Gashin tozo ɗaya bayan ɗaya na yanke shi. Ranar da zan sa ido sai da na jira rana ta daidaita a bakin rumfa, na riƙe numfashi. Da dattijon ya zo ya karɓa, bai kushe ba, bai yaba ba. Ya daɗe yana kallo, ya ɗora babban yatsa a kan idon bijimin. Ya ce, "Useko, Kila," wato ya gode. Ya naɗe farantin a rawani ya sa a jaka. Daga baya na ji yana zaro shi a tike yana nuna wa mutane. Aiki ya yi mini yawa har ina mayar da wasu.

Sai bushiya ta shigo.

Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Saniya ta fara hawaye da dalala, bakinta ya kwaile, ta ƙi ci, ta yi zawo mai wari, ta kwanta. Da safe garke, da yamma tarin gawa. A hanyar Mayo Bani mushe yake ko'ina, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Na ga mutum mai furfura yana tafe a titi shi kaɗai da sanda a kafaɗa, yana kiran shanunsa da sunayensu. Tike ya zama fili. Mutane suna zuwa ranar kasuwa saboda sabo, su zauna, babu abin sayarwa sai magana.

Akwai wani dillali da bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara cewa, "Ku duba mana, duk wadda Kila ya zana ta mutu." Gaskiya ne. Waɗanda ban zana ba ma sun mutu, amma wannan babu wanda ya faɗa. Aka tuna cewa ni ɗan maƙeran dutse ne, masu ɗaukar gawa. Aka tuna yadda nake zama ina kafe dabba da ido ba na magana. Mutane suka fara dawo da farantai. Ba sa miƙo mini, a ƙasa suke jefarwa gaban rumfa su wuce. Ina tsincewa ina tarawa a buhu. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya ce in koma dutse har abin ya lafa. Na ce ban yi komai ba, ba inda za ni. Gwangwanin yana ƙarƙashin bencin da nake zaune, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ranar kasuwa ce, kafin azahar. Babban ɗan dattijon ya zo da mutane a bayansa, dillalin yana ciki. Jan bijimi ya mutu, shi ne na ƙarshe a garkensu. Ba su yi sallama ba. Suka kifar da benci, gwangwani ya gangara ya buɗe. Gashi ya watse a ƙasa, fari da baƙi da ja, kowane ƙulli da zarensa.

Sai dillalin ya ce, "To, kun gani da idonku."

Mutane suka sunkuya suna tsinta. Kowa ya gane nasa. Da yawa cikinsu a gabansu na yanka, da izininsu, amma babu wanda ya tuna.

Na ce, "Tsintsiya ce. Da ita nake share ɓarɓashi." Na ɗauki ɗaya na nuna musu a kan faranti.

Wani ya ce, "Tsintsiya ce ai, ta share mana garke."

Babban ɗan ya ɗaga jan ƙullin har gaban hancina.

"Wannan na bijiminmu ne. Ko ni ban isa in yanke shi ba. Ya aka yi ya zo hannunka?"

Dattijon yana can baya, ya dogara da sanda. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na dube shi, na jira. Na yi alkawari yaransa ba za su ji daga bakina ba, to ga shi a tsaye, bakinsa na nan. Kalma ɗaya ta isa. In ya ce shi ya ba ni, sauran ma za su tuna nasu.

Na ce, "Baffa."

Bai ɗago ba.

Na ce, "Ku tambaye shi. Yana wurin."

Ɗan ya juya ya tambayi ubansa da Fulatanci. Ina jin Fulatanci. Dattijon yana kallon ƙasa ya ce bai san lokacin da na yanka ba.

Daga nan na yi ta ihu cewa shi ya yanke da wuƙarsa. Wannan ya ƙara musu wuta, wai ina yi wa dattijo ƙarya a ranar da ya rasa komai. Mutum biyu suka danne ni, ɗaya ya riƙe hannun a kan kututture. Ban ga wanda ya ɗauki gudumar ba. Ban suma ba, na ji duka.

Mai shayin ne ya kai ni wurin wani mai ɗori a unguwar Lamorde. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce ƙashi ɗaya ake ɗorawa, nawa ya zama tsakuwa. Hannun ya warke a karkace. Babban yatsa da biyu na kusa da shi ba sa haɗuwa. Ina iya ɗaukar bokiti, ba na iya ɗaukar allura.

Ina kwance ma'aikatan dabbobi suka zo da motoci suna yi wa sauran shanu allura. Cutar ta tsaya. Rediyo ta yi bayani cewa ciwo ne da ke bin shanu daga ƙasa zuwa ƙasa, har inda ba a taɓa jin labarina ba. A tike magana ta sauya, kowa yana cewa bushiya ce, daga Allah take. Babu wanda ya zo ya duba ni. Dillalin in ya gan ni a hanya har ɗaga mini hannu yake, ya ce, "Kila, ya jiki?"

Na gwada da hagu. Na daɗe ina gwadawa, a ɓoye. Saniya ta fito kamar kare. Na jefa alƙaluman cikin masai. Ban koma tike ba, na kafa rumfa a Lamorde, na koma facin bokiti da tukwane. Hannun dama ya danne, na hagu ya buga.

Da hankali ya kwanta sai suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka jefar da farantai. Mutum ya tsuguna ya yi doguwar gaisuwa, ya yi zancen ruwa da tsadar hatsi, sannan ya ce ko farantin nan nasa yana nan, don ba shi da wani abin da zai nuna wa 'ya'yansa irin shanun da ya taɓa mallaka. Na ce babu. Gaskiya na faɗa. Na kai buhun wurin masu zubi an narke shi duka, an yi awarwaro.

Dattijon bai zo ba sai shekarar da aka raba Gongola. Da hantsi ne, ina facin buta. Na ga inuwa a kan aikina, na ɗago. Ya rankwafa, ba ya gani sosai. Na ji labarinsa tun tuni, yaransa sun yi kudu suna kiwon shanun wasu, shi kuma yana gadin wani gida a cikin gari.

Ya ce, "Kila."

Na ce, "Akwai abin faci ne?"

Ya tsuguna da ƙyar, ya buɗe jaka, ya warware tsohon rawani. Farantin ne. Shi bai taɓa jefar da nasa ba. Tagullar ta yi duhu, amma tozo yana nan, ƙaho yana nan, kowane gashi yana inda na sa shi. Fuskar ce ta lashe. Wurin ido ya yi sumul yana sheƙi, yatsa ya cinye shi.

Ya ce, "Idon ya tafi. Ka mayar mini da shi. Idon kawai."

Na karɓa na duba. Na daɗe ban ga aikina ba. Na ajiye farantin a kan kututture, na ɗora hannuna na dama kusa da shi.

Na ce, "Da wanne?"

Ya matso da fuskarsa ya kalli hannun. Ya daɗe. Sai ya ce, "Ni na yanke gashin nan."

"Na sani. Ina wurin. Ba ni ne ban sani ba."

"Kunyar yarana na ji. Da sun san ni na ba da, da sun ce ni na kashe garke da hannuna."

"Na san wannan ma. Ranar kasuwa ka je tike ka faɗa da ƙarfi."

"Kila, rabin waɗanda ke wurin sun mutu."

"Ka faɗa wa rabin da suka rage."

Ya ce zai je. Ya roƙi ruwa. Na ɗebo masa a moɗata, ya sha rabi, ya goge baki, ya miƙo mini sauran kamar yadda ya yi a ruga. Na karɓa na zubar a ƙasa. Na ɗebi toka na wanke moɗar a gabansa, ciki da waje, na kife ta. Idonsa ba shi da kyau amma ya ga wannan. Na naɗe masa farantinsa na miƙa masa yadda ya kawo shi.

Ranar kasuwa na rufe rumfa na tafi tike, karo na farko tun ranar. Shanu sun dawo, wuri ya cika, ƙura da ihu kamar da. Inda rumfata take wani yana sayar da igiya. Na tsaya a gefe tun safe har aka fara loda motocin kudu. Bai zo ba. Na koma kasuwa ta gaba, bai zo ba. Daga nan na daina. Bayan wani lokaci na ji ya rasu. Ban tambayi inda farantin ya shiga ba.

Har yau a tike akwai tsofaffin da in an ambace ni sai su ce, a dai bar maganar, amma gashin nan an gan shi. Yaran da aka haifa daga baya ba su san na taɓa yin zane ba.

Ina Lamorde, bayan masu sayar da itace. Ina facin bokiti da tukwane, ina wasa wuƙa. Roba ta kashe rabin aikin. In garke ya zo wucewa ina juya benci in fuskanci bango har ya wuce, don har yanzu idona daga tozo yake farawa.